Kanun Shafi da Injin Bincike: Abin da Suke Yi da Inda Ƙarfinsu Ya Tsaya

Shafin intanet da aka tsara da kyau yana da kanu: babban kai a sama, wanda ke faɗin abin da shafin ya ƙunsa, sai ƙananan kanu da ke raba bayanin sashe-sashe. Mai karatu yana gane su da girman haruffa da kaurinsu. Injin bincike irin su Google da Bing kuwa yana gane su ne ta wasu alamomi da ke bayan shafin, cikin harshen da ake gina shafuka da shi, wato HTML. Waɗannan alamomi suna cikin abubuwan da injin ke dubawa idan zai tantance batun da shafi ke magana a kai, da irin tambayar da ya dace a nuna shi a matsayin amsarta. Sana'ar gyara shafi domin ya fito a sahun gaba cikin sakamakon bincike, wadda aka fi sani da SEO, ta daɗe tana ba kanu muhimmanci, wani lokaci har fiye da kima. Kanu suna taimaka wa injin ya fahimci shafi, suna kuma sauƙaƙa wa mai karatu, amma ba sa iya ɗaga shafin da babu abin kirki a cikinsa.

Matakai shida

Kanu sun zo ne tare da yanar gizo tun farkonta. Tim Berners-Lee, masanin kwamfuta ɗan Birtaniya, ya gabatar da shawarar kafa yanar a 1989 lokacin da yake aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba. A ƙarshen 1991 aka fitar da takardar farko mai bayanin alamomin HTML, kuma a cikin 'yan alamomin da ta lissafa akwai matakan kanu guda shida, daga H1 zuwa H6. Har yau shidan ne, ba a ƙara ba, ba a rage ba.

H1 shi ne babban kai. H2 yana buɗe babban sashe, H3 yana buɗe reshe a ƙarƙashin H2, haka abin ke sauka har H6, wanda ba kasafai ake kai wa gare shi ba. Yawancin shafuka H1 da H2 da H3 sun ishe su. A rubuce, ana sa kalmomin kan a tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa, kamar haka: <h2>Yadda ake ɗaure buhu</h2>. Mai karatu ba ya ganin alamomin, kalmomin kawai yake gani.

Lambar tana nuna matsayin kai ne a cikin tsarin bayani. Girman haruffa da launinsu aikin wani harshe ne daban mai suna CSS, wanda ya fito a 1996. Daga nan kuskure biyu suke yawan fitowa. Wani zai ɗauki layin rubutu ya ƙara masa girma da kauri, a ido ya zama kai, alhali a wurin na'ura sakin layi ne kamar sauran. Wani kuma zai sa H3 a wurin da H2 ya dace don kawai girman haruffansa ya fi yi masa kyau. A duka biyun, abin da ido ke gani ya saɓa da abin da na'ura ke karantawa.

Mai shafi ba ya bukatar iya HTML kafin ya yi amfani da kanu. A WordPress, manhajar da sama da kashi 40 cikin 100 na gidajen yanar gizo ke aiki da ita, sunan da aka ba rubutu yakan zama H1 da kansa, sauran matakan kuma ana zaɓarsu daga jeri a wurin rubutu. A Wikipedia, har da ta Hausa, sunan maƙala shi ne H1, kuma duk layin da aka sa wa alamar daidai guda biyu a farko da ƙarshe yana zama H2.

Yadda injin ke karanta shafi

Aikin injin bincike hawa uku ne. Da farko wata manhaja, wadda a Google ake kira Googlebot, tana bin mahaɗai daga shafi zuwa shafi tana kwaso abin da ta tarar. Daga nan a tantance abin da aka kwaso, a gane batunsa, a ajiye shi a wani katafaren rumbun bayanai. Idan mutum ya rubuta tambaya, sai a zaƙulo shafukan da suka dace daga rumbun, a jera su bisa cancanta. Kanu sun fi yin aiki a hawa na biyu, wajen gane batu, kuma tasirin hakan yana kaiwa ga hawa na uku.

Tunanin ba wasu kalmomi nauyi fiye da wasu ya daɗe. A 1998 Sergey Brin da Larry Page, suna ɗalibai a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka wallafa maƙalar da ta bayyana yadda Google ke aiki. A ciki sun nuna cewa injin yana lura da girman haruffan kowace kalma, kuma kalmar da aka rubuta da manya ko kauraran haruffa tana samun nauyi fiye da saura. Dalilin a fili yake: abin da marubuci ya ɗaga sama da sauran rubutu, shi ne ya ɗauka da muhimmanci. Sai dai ginshiƙin wannan maƙala wani abu ne daban, wato PageRank, ma'aunin da ke duba yawan shafukan da suka yi mahaɗa zuwa wani shafi da kuma darajarsu. Tun ranar farko ke nan kanu alama ce ɗaya a cikin alamomi masu yawa.

Injin ya ƙara wayo tun daga lokacin. A 2013 Google ya kawo tsarin Hummingbird, a 2015 RankBrain, a Oktoban 2019 kuma BERT, wanda ke duba kalma tare da maƙwabtanta domin ya gane ma'anar jimla. Duk waɗannan sun rage dogaro ga daidaiton kalma da kalma. Injin yanzu yana iya gane batun sakin layi ko da babu kai a samansa. Duk da haka kai mai ma'ana yana rage masa laluben, domin yana faɗa masa kai tsaye cewa abin da ke ƙasa bayani ne kan kaza. Ƙa'idojin da Bing ya wallafa wa masu shafuka ma sun ambaci H1 zuwa H6 a matsayin abin da ke nuna masa tsarin shafi.

Take daban, babban kai daban

Akwai alamomi biyu da ake yawan rikitawa. Ɗaya ita ce alamar take, wadda a HTML ake rubuta ta title. Ba ta fitowa a jikin shafi. Ana ganin ta a saman burauza, kuma yawanci ita ce layin da ake latsawa a sakamakon bincike. Ɗayar ita ce H1, wadda ke jikin shafin, mai karatu yana ganin ta da zarar ya shigo.

A Agustan 2021 Google ya sanar da sauya yadda yake samar da layin da ke fitowa a sakamakon bincike. Idan ya ga taken da mai shafi ya rubuta ya yi tsawo da yawa, ko an cusa masa kalmomi, ko babu shi gaba ɗaya, ko kuma take ɗaya ne aka maimaita a shafuka da dama, yakan ajiye shi ya ɗauko wani rubutu daga jikin shafin, kuma babban kai yana sahun gaba cikin abin da yake ɗaukowa. Bayan koke-koken masu shafuka, a Satumban shekarar kamfanin ya ce ya yi gyara, kuma yana amfani da ainihin taken a kusan kashi 87 cikin 100 na lokuta. Ragowar ba kaɗan ba ce idan aka tuna yawan binciken da ake yi kullum. Ma'anar wannan ita ce H1 na iya zama abu na farko da mai bincike zai gani tun bai shigo shafin ba. Shi ya sa ake so take da babban kai su faɗi abu ɗaya, ko da kalmominsu sun ɗan bambanta.

Misali daga shafi guda

A ɗauki shafin da ke koya wa manoma adana wake a buhun PICS, buhun nan da masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, sai ƙwarin da ke cikin waken su mutu ba tare da an sa magani ba.

Marubuci na farko ya sa wa shafin babban kai "Barka da zuwa". Ƙananan kanunsa su ne "Gabatarwa", "Ci gaba", "Abin lura" da "Kammalawa". Bayanin da ke ciki yana iya zama ingantacce, amma wanda ya karanta kanun kaɗai ba zai san ko maganar wake ake yi ko ta kiwon kaji ba. Waɗannan kanu za su zauna daram a kan kowane shafi a duniya, don haka ba su ce komai game da wannan ba.

Marubuci na biyu ya sa H1 "Yadda ake adana wake a buhun PICS ba tare da maganin ƙwari ba". H2 na farko shi ne "Busar da wake kafin a zuba". Na biyu "Duba ledojin ko akwai huda". Na uku "Yadda ake ɗaure buhu", kuma a ƙarƙashinsa akwai H3 guda uku, ɗaya ga ledar ciki, ɗaya ga ta tsakiya, ɗaya ga buhun waje, tunda kowanne daban ake ɗaure shi. H2 na huɗu "Inda ya kamata a ajiye buhun saboda ɓera". Na ƙarshe "Za a iya sake amfani da buhun baɗi?"

Kanun marubuci na biyu su kaɗai sun ba da taƙaitaccen darasi. Kalmomin da manomi zai rubuta a wayarsa, wake da buhu da ƙwari da ɓera, sun shigo da kansu ba tare da an tilasta su ba, saboda su ne ainihin batun. Kamar kasuwar da kowane layi ke da allonsa ne: mai neman hatsi ba sai ya ratsa ta layin 'yan yadi ba. Gwajin da masu sana'ar SEO ke yi ke nan: a cire duk sakin layi, a bar kanu kawai, a ga ko baƙo zai gane abin da shafin ya ƙunsa.

Amsar da ke tsakiyar shafi

Tsari irin na marubuci na biyu yana da wani amfanin, domin injin bincike ba koyaushe yake tura mutum saman shafi ba. Tun 2009 Google ya fara nuna ƙananan mahaɗai a ƙarƙashin sakamako, waɗanda ke kai mutum wani sashe na shafi kai tsaye, idan sassan suna da sunaye da alamar da za a iya tsallakawa zuwa gare su. A 2014 ya fara ciro gajeriyar amsa daga wani shafi yana ɗora ta a saman sakamako. Idan tambayar ta matakai ce, jerin da yake nunawa wani lokaci daga ƙananan kanun shafin yake tattaro shi.

A Oktoban 2020 kuma ya sanar da wani tsari da ke iya ɗaga shafi saboda wani yanki guda da ke cikinsa, ko da sauran shafin kan wasu abubuwa yake magana. Kamfanin ya ƙiyasta cewa idan tsarin ya kammala zai shafi kashi 7 cikin 100 na tambayoyi a duk harsuna, kuma ya fara aiki da Ingilishi a Amurka a Fabrairun 2021. Har yanzu shafin ne baki ɗaya ke shiga rumbu, amma yankin da ya amsa tambaya yana iya jawo shi gaba. Sashen da ke da kai mai bayyana batunsa, da amsa a jimlolin farko na ƙarƙashinsa, ya fi sauƙin tsinta ga na'ura da ɗan Adam.

Abubuwan da aka ɗauka doka ne

Akwai maganganu da ke yawo a tsakanin masu gina shafuka waɗanda Google da kansa ya ce ba haka suke ba. Na farko shi ne cewa shafin da ke da H1 fiye da ɗaya zai faɗi ƙasa. A 2019 John Mueller, jami'in Google mai hulɗa da masu shafuka, ya bayyana cewa tsarinsu ba shi da matsala da H1 da yawa a shafi ɗaya. Na biyu shi ne cewa tsallake mataki, kamar daga H2 zuwa H4, yana jawo hukunci. Jagorar SEO ta masu farawa da Google ya sabunta a 2024 ta nuna cewa jeranta kanu bisa tsari abu ne mai kyau ga masu amfani da manhajar karanta allo, amma ga bincikensa rashin jerantawar ba ya rage wa shafi matsayi. Jagorar ta kuma ce babu wani adadi na kanu da ya zama dole shafi ya cika. Dalilin wannan sassauci shi ne yawancin shafukan duniya ba a gina su bisa ƙa'ida ba, kuma injin da zai ƙi su duka ba zai sami abin nunawa ba.

Wannan bai hana H1 guda ɗaya zama al'ada mafi tsafta ba. An taɓa shigar da wata ƙa'ida cikin HTML5, wani zubi na HTML, wadda za ta bari kowane sashe ya sami nasa H1, burauza ta lissafa matsayinsa da kanta, amma babu burauzar da ta aiwatar da ita, har aka cire ta daga ƙa'idojin a 2022.

Abin da ke da haɗari na gaske shi ne cusa kalmomi. A shekarun farko, da masu shafuka suka gano cewa kalmar da ke cikin kai tana da nauyi, sai suka riƙa maimaita ta ba ji ba gani, wasu har su sa sakin layi guda a cikin H1, ko su rubuta fararen haruffa a kan farin shafi don injin ya gani mutum bai gani ba. Kai irin "Wake, sayen wake, farashin wake, wake mai araha, wake Kano" ɗan wannan gida ne. Ƙa'idojin Google sun lissafa cusa kalmomi da ɓoye rubutu a cikin maguɗi, kuma sauye-sauyen da ya yi wa injinsa, Panda na 2011 da Penguin na 2012, sun durƙusar da shafuka masu yawa da suka dogara da rubutu marar inganci da dabarun yaudara. Kan da ya yi alkawarin abin da ba ya ƙarƙashinsa ma asara ce, domin mai karatu zai fita da sauri kuma da wuya ya dawo.

Mai karatu a waya, da mai karatu da kunne

A 1997 Jakob Nielsen da John Morkes suka gwada yadda mutane ke karanta shafukan intanet. Kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna bin shafi ne da ido sama-sama, kashi 16 kacal ke karantawa kalma bayan kalma. Binciken motsin ido da aka yi daga baya ya nuna cewa idan shafi yana da kanu masu ma'ana, ido yakan yi tsalle daga kai zuwa kai har ya tsaya a sashen da ake nema. A ƙaramin allon waya, inda layuka kaɗan ake gani a lokaci guda, bukatar ta fi tsanani. Google ma yanzu siffar waya ta shafi yake dubawa da farko, sauyin da ya sanar da kammalawarsa a Oktoban 2023, kuma yana ba da shawarar kanun da ke siffar kwamfuta su kasance a ta waya. Mai shafin da ya cire kanu daga siffar waya don rage tsawo ya cire su ne daga abin da injin ke karantawa.

Ga makafi da masu raunin gani, kanu su ne hanya. Suna amfani da manhajojin da ke karanta allo da murya, irin su JAWS da NVDA a kwamfuta, VoiceOver a wayoyin Apple, da TalkBack a Android. A JAWS da NVDA, latsa harafin H yana kai mutum kai na gaba, latsa lamba 2 kuma yana kai shi H2 na gaba. A binciken da cibiyar WebAIM ta Jami'ar Jihar Utah ta yi a 2021, kusan kashi 68 cikin 100 na masu amfani da waɗannan manhajoji sun ce idan suna neman bayani a dogon shafi, kanu suke fara bi. Layin da aka ƙara wa kauri kawai ba ya cikin abin da harafin H ke tsayawa a kai. A nan ne jeranta matakai ke da muhimmanci sosai, kuma ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu nakasa, wato WCAG na ƙungiyar W3C, sun bukaci tsarin da ido ke gani ya kasance a cikin alamomin shafi, kanu kuma su bayyana batunsu.

Kanu a shafin Hausa

Google ya bayyana cewa yana gane harshen shafi ne daga rubutun da ke bayyane a kansa. Shafin da jikinsa Hausa ne amma kanunsa Ingilishi yana aika saƙo biyu masu karo da juna, kuma mai neman bayani da Hausa ba zai ga kalmominsa a wuraren da suka fi fitowa fili ba. Kai ya bi harshen abin da ke ƙarƙashinsa.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa. A tsarin Unicode, ƙ da ɗ da ɓ haruffa ne masu zaman kansu, kowanne da lambarsa, daban da k da d da b. Mutane da yawa kuma ba sa sa lanƙwasa idan suna rubutu a waya, sannan abin da ake rubutawa 'y a Najeriya, ƴ ake rubuta shi a Nijar. Saboda haka kalma ɗaya tana iya zuwa wa injin da siffofi biyu ko uku. Mafita ba ta cikin jera duk siffofin a kai ɗaya, domin wannan ma cusa kalmomi ne. Abin da ya fi shi ne a tsaya kan ƙa'idar rubutu guda a duk shafin, a kuma sa isassun kalmomi a kai yadda ma'ana za ta fito daga mahallin. "Ƙasa" ita kaɗai tana iya zama ƙasar haihuwa ko ta noma, amma "Irin ƙasar da albasa ke so" ba ya bukatar ƙarin bayani.

Awo da hukunci

Mai shafi yana iya ganin sakamakon gyaransa a Google Search Console, manhajar kyauta da ke nuna kalmomin da mutane suka rubuta har shafinsa ya bayyana, sau nawa ya bayyana, da sau nawa aka latsa. Waɗannan kalmomi su ne mafi kyawun jagora wajen rubuta kanu, tunda daga bakin masu nema suka fito. Canji ba ya bayyana nan take, sai Googlebot ya sake ziyartar shafin, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni.

Gyaran kanu yana cikin ayyukan SEO mafi sauƙi, kuma ba ya cin ko kwabo. Tasirinsa a kan matsayi bai kai na ingancin bayanin ba, bai kuma kai na mahaɗan da wasu shafuka masu daraja ke yi zuwa shafin ba. Shafi mai cikakken bayani da kanu marasa kyau yana iya fitowa gaba, amma shafi marar bayani ba zai daɗe a gaba ba ko da kanunsa sun tsaru. Ƙa'idar da ta tsaya ita ce kowane kai ya faɗi gaskiyar abin da ke ƙarƙashinsa, a gajarce, da kalmomin da mai karatu ke amfani da su.